Saje a Bakin Daga, Kofur a Takarda

A unguwarsu ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Saje. Haka yara ke kiransa, haka liman ke kiransa, haka mai shayin bakin titi ke rubutawa a littafin bashi. Amma takardar sallamarsa daga soja, wadda yake naɗewa cikin leda uku ya tura ƙasan adaka, Kofur ta ce. Igiya uku ya ɗaura a bakin daga, da igiya biyu aka sallame shi, kuma a kan igiya ɗayan nan da ta ɓace aka yi gardamar da ta fi kowace tsawon rai a bencin 'yan mazan jiya na garinmu. Na sakaya sunansa da na abokan gardamarsa domin iyalansu suna nan da rai. Abin da zan faɗa shaida ce kawai: abin da ya fito daga bakinsa, da abin da takardunsa suka nuna, da abin da aka yi a idon jama'a.

Ya shiga soja a watan Nuwamba na 1967, bayan an kai gero rumbu, lokacin yaƙin basasa yana cikin wata na biyar. Manomi ne ɗan manomi. Ya yi allo, yana rubuta ajami tsaf, amma bai taɓa zama ajin boko ba, kuma wannan rashin bokon ne ya cim masa daga baya. Sojan Najeriya kafin yaƙi wajen mutum dubu 10 ne, yaƙin ya ƙare suna wajen dubu 250, don haka ba a tsaya dogon zaɓe ba. In ƙirjinka ya cika awo, likita ya duba ido da haƙori, ka iya gudu, shi ke nan ka zama kurtu. Horon da akan yi wata shida ana yi a Daffo na Zariya, su makonni kaɗan aka yi musu: hagu-dama, kwance bindiga da harhaɗa ta, harbi kaɗan a filin gwaji, sai mota.

A nan aka ba shi lamba mai farawa da 63NA. Wanda bai zauna bariki ba ba zai gane nauyin lamba ba. Ƙananan sojojin da suka shiga tun daga 1963 har ƙarshen shekarun 1970 da 63NA lambarsu ke farawa, sannan aka buɗe 79NA, daga baya aka koma sa shekarar shiga da rukunin ɗauka. Hafsoshi tasu daban ce, da harafin N take farawa. Lamba ita ce shekarun haihuwa a soja. In mutum biyu muƙaminsu ɗaya, rana ɗaya aka ƙara musu girma, to mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da ɗayan ya haife shi. Shi ya sa tsofaffin soja biyu in sun haɗu ba sa tambayar shekaru, lamba suke tambaya.

Rainin farko da ya sha a soja daga bakin sajensu ya sha shi. Sajen tsohon ɗan Boma ne, cikin waɗanda aka kira suka dawo kaki da yaƙi ya tashi. Ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma wadda ta ratsa kwarin Kaladan a 1944. Ba ya kiransu komai sai 'yan bana-bakwai. Yakan ce su ba su ga yaƙi ba, tunda mota ke kai su, a ƙasarsu suke, in sun ji yunwa ga rogo ga doya a gonar mutane. Su kuwa a Boma ba hanyar mota, a ka ake ɗaukar harsashi da igwa a hau dutse a sauka, abinci sai jirgin sama ya jefo, ga damina mai ruɓar da takalmi a ƙafa, ga matsattsaku, ga Japanawa da ba sa miƙa wuya. In ya so ya ƙure su sai ya kawo zancen Chari Maigumeri, wanda ya yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma sojan Ingila, ya yi Habasha ya yi Boma, ya kai babban samanja na bataliya, aka sallame shi a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Sai ya ce wannan shi ne soja, saura masu sa kaki ne. Baba Saje ya ce a lokacin ransa kan ɓaci har ya kasa cin abinci. Bai san shi ma wata rana da wannan bakin zai yi wa na bayansa magana ba.

Runduna ta 2 aka tura shi, ta Kanar Murtala Muhammed. Bai riski ƙoƙarin tsallaka Neja daga Asaba zuwa Anacha ba, wanda aka yi a Oktoba 1967 aka yi asarar mutane da yawa a ruwa. Shi ya shiga ne sa'ad da rundunar ta zagaya ta Idah, ta biyo ƙasa ta Awka, ta shiga Anacha a Maris 1968. Yana can sojojin Biyafara suka yi kwanton ɓaunar Abagana ranar 31 ga watan, inda ayarin motocin rundunar ya ƙone tare da man fetur da albarusai. Daga nan zaman Anacha ya zama zaman rami: a riƙe gari, a riƙe hanya, a kwana ido biyu.

A cikin wannan zaman ya hau igiyoyinsa. Igiya ɗaya las-kofur, biyu kofur, uku saje, in aka ɗora mikiya a kan ukun an zama sitaf saje, daga nan sai samanja masu ɗaura alamarsu a wuyan hannu. A zaman lafiya daga farabiti zuwa saje tafiyar shekaru ce masu yawa, da kwas da jarrabawa a kowane mataki. Shi cikin wata goma sha huɗu ya yi ta, don na gabansa suna ta faɗuwa. Ranar da nakiyar ogbunigwe, wadda 'yan Biyafara ke ƙerawa, ta tashi da tsohon ɗan Boman nan, kwamandan kamfaninsu ya duba waɗanda suka rage, ya nuna shi, ya ce daga yau kai ne saje. Shi kansa kwamandan laftana ne na fagen fama, wanda bara waccan igiya ce a hannunsa ba anini a kafaɗa ba. Baba Saje ya cire igiyoyin daga rigar mamacin ya ɗinka a tasa. Da su ya riƙe mutum talatin da wani abu har 15 ga Janairu 1970.

To ga inda gizo ke saƙar. Muƙami a soja iri uku ne, kuma a ido duk ɗaya suke. Akwai tabbatacce, wanda ba a ƙwace shi sai da laifi da shari'a. Akwai na riƙo, wanda akan biya ka albashinsa muddin kana kan gurbin, in gurbin ya tafi ya tafi da shi. Akwai kuma na wuri, wanda kwamanda ke ba ka don aiki ya tafi: ka ɗaura igiya, a bi umarninka, amma ko kwabo ba ya ƙaruwa a albashinka, kuma da ka bar wurin ka koma yadda kake. Kowane ƙarin girma sai akawun bataliya ya buga shi a takardar umarni kashi na biyu, wadda sojoji ke ce wa fat-tu oda, da lambarka da sunanka da ranar da ya fara aiki da irinsa, kwamandan bataliya ko ajitan ya sa hannu, a aika kwafi ofishin albashi, a aika wani ofishin ajiyar bayanan soja, wanda yanzu yake Lakwaja. Haka aure, haka haihuwa, haka rauni, haka hukunci. Abin da ba a buga a nan ba, a wurin soja bai faru ba, ko da bataliya guda ta gani da idonta. Las-kofur ɗinsa da kofur ɗinsa an buga su. Sajen, baki ne kawai a bakin rami. Laftanan da ya faɗa bai kai ƙarshen yaƙin ba. Shi kuwa Baba Saje bai iya karanta littafin albashinsa ba, balle ya lura kuɗin kofur ake ba shi, ga shi albashin ma a bakin daga ba kowane wata yake isowa ba.

Da aka gama yaƙi aka zo daidaita muƙamai. Ba shi kaɗai ba, har manyan hafsoshi an mai da wasu baya daga muƙamin fagen fama zuwa tabbataccensu. Aka ce duk mai son igiyarsa ta zauna sai ya yi kwas, ya ci jarrabawar karatu da lissafi da karatun taswira, da Turanci. Sau biyu ya zauna, sau biyu ya faɗi. Mutumin da ke ratsa daji da dare da mutum talatin ya fito inda aka ce ya fito, aka ba shi taswira a kan tebur ya kasa faɗin lambobin wurin da yake. Samanjan kamfani ya sa shi ya warware igiya ɗaya a gaban fareti. Ya ce harsashin da ya huda masa cinya bai yi masa zafin wannan reza ba.

A farkon 1979 aka sallame shi, cikin ragin sojan da aka yi a waɗannan shekarun. Lissafinsa ga shi. Daga Nuwamba 1967 zuwa farkon 1979 shekara 11 ne da 'yan watanni. Dokar fanshon soja tana lissafa kowace cikakkiyar shekarar yaƙin basasa a matsayin biyu, don haka aka ƙara masa shekara biyu da ɗoriya, ya tashi da 13 da wani abu. A lokacin kuwa sai ka cika 15 kake da fansho, daga 10 zuwa ƙasa da 15 giratuti kawai ake ba ka, dunƙule ɗaya, a yi sallama. Da ya san haka da ya roƙi a bar shi ya ƙara shekara biyu, amma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa lissafin, shi kuma yana ɗokin gida. Raunin cinyarsa da zai iya kai shi gaban kwamitin likitoci a sallame shi da fanshon nakasa, a tantin bayan daga aka ɗinke shi ya koma rami, ba a buga ba. A 1992 aka sassauta doka, fansho ya dawo shekara 10, giratuti 5, amma waɗanda suka riga suka fita aka bar su da kai-komo. Kuɗin giratutin ya sayi fili da keke ya yi aure na biyu. Sauran rayuwarsa gadi ya yi a wata masaƙa har ta rufe, sannan a ƙofar wani gidan mai.

Bencin da nake magana yana gaban ɗan ofishin 'yan mazan jiya na ƙaramar hukumarmu, ƙarƙashin dalbejiya. Mutum uku ne ginshiƙan gardamar. Akwai Baba Saje. Akwai Manjo, wanda ya shiga a 1965 a matsayin akawu, ya yi yaƙin a ɗakunan ajiya na bayan daga, ya hau har samanja, sannan aka ba shi anini ta hanyar da ake ɗaga tsofaffin ƙananan sojoji zuwa hafsa, ya cika shekara 35 ya fita da mikiya a kafaɗa da fansho kashi 80 cikin 100 na albashinsa. Sai Sitaf, ɗan 79NA, wanda ya yi Laberiya ya yi Saliyo.

Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina jin su shi ne mudu uku suke awo da shi, kowa kuma da mudun da ya fi cika masa yake zuwa kasuwa. Manjo da muƙami yake awo, in an matsa masa ya ƙara da lamba, don tasa ta girmi ta Baba Saje da shekara biyu. Baba Saje da wuta yake awo, wato wa ya ji ƙarar harsashi a kunnensa. Sitaf da daɗewa a daji yake awo. Ba ranar da mudun wani zai cika na wani, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa.

Daga gaisuwa ake farawa. A soja ƙarami ke fara sarawa, kuma ba mutumin ake sara wa ba, takardar hafsancin da shugaban ƙasa ya ba shi ake sara wa. Shi ya sa za ka ga babban samanja mai furfura ya ƙame wa yaron da ya fito makarantar hafsoshi ta Kaduna jiya da anini ɗaya. Shi samanja ba a sara masa, ƙamewa ake yi a ce monin sa, ko da tsakar dare ne. Manjo yana ganin wannan bai ƙare da ritaya ba. In ya iso benci yakan tsaya jim, yana jiran a gyara zama. Sitaf yakan miƙe ya haɗa ƙafa. Baba Saje kuwa sai ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Akawu," yana zaune.

"Kofur, ba a koya maka gaisuwa a Daffo ba?"

"An koya mini, Yallaɓai. Abagana ce ta mantar da ni. Da ka zo da kai ma ka manta."

Manjo ba ya rasa amsa, kuma a ganina amsarsa tana da ƙarfi fiye da yadda benci ke yarda. Yakan ce harsashin da ka harba wa ya ƙirga shi ya loda a mota? Garin da ka jiƙa wa ya auna? Abagana da kake taƙama da ita, ai kayan da irinmu suka tara ne suka ƙone, kuma da suka ƙone ba ku zauna a rami kuna ƙirga harsashi ɗai-ɗai ba? Gaskiya ce. Bayan kowane mai bindiga akwai direba da makanike da kuku da mai oba-oba, wato mai rediyon sadarwa, da malamin asibiti da akawu, kuma ba soja ne ke zaɓen inda za a kai shi ba. Sai dai Manjo yakan ɓata rawarsa da tsalle in ya ce wahala ɗaya suka sha. Ba ɗaya ba ce. Mai kwana a kan buhun shinkafa a Makurɗi da mai kwana cikin ruwa a ramin Anacha ba su ga dare iri ɗaya ba.

Da Sitaf kuwa, Baba Saje ne ke zama ɗan Boma. Yakan ce ku yaƙin ƙasar wasu kuka je, da jirgi aka kai ku, da dala aka biya ku, kuka dawo da rediyo da firji. Zargin kwasar kaya da mutanen Laberiya suka yi wa ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ne sandar da yake dukansa da ita. Sitaf ba ya ɗaga murya, Baba yake ce masa har a gama. Yakan ce, Baba, ku kun san inda abokin gaba yake, yana gaba kuna baya, akwai layi. Mu muka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrovia, babban birnin Laberiya, a Agusta 1990 ana harbinmu, aka ce mu masu raba faɗa ne. A Oktoba 1992 mutanen Charles Taylor, madugun 'yan tawaye, suka zagaye garin ta cikin fadama. A Janairu 1999 'yan tawaye suka shigo Freetown ta Saliyo cikin farar hula, mata da yara a gaba, kana gani ba ka san wa za ka harba ba. Wanda zai kashe ka yaro ne ɗan shekara goma sha biyu da ya sha ƙwaya. Aka ce wata shida za mu yi, wasunmu suka shekara biyu ba canji. Dalar da kake faɗa kuwa, waɗanda suka sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya su suka gan ta, mu ɗan alawus ne da ba ya isowa kan kari. Daga nan sai rigima ta koma tsakanin 'yan ECOMOG da 'yan shuɗiyar hula, su ma su ce a je a tambayi waɗanda aka far wa a Haskanita ta Darfur a 2007, ko da yake su ma a lokacin hular Tarayyar Afirka ce a kansu. Ba mai ƙarewa.

Abu ɗaya ke haɗa kansu nan take: sojan gona. In baƙo ya zauna ya fara ba da labarin yaƙi, sai ka ga ukun sun zama kamfani ɗaya. Manjo ke fara tambaya, a hankali kamar hira. Lamba? Soja na gaske ba ya tunani, yakan zubo ta kamar karatun Fatiha, ko ya manta sunan jikokinsa. Wace bataliya, wane kamfani? Wa ke kwamanda, wa ke babban samanja? Sunan samanjan ya fi kama maƙaryaci, don sunan kwamanda ana iya ji a rediyo, amma samanja sai wanda ya sha horonsa. Sai Baba Saje ya karɓa: wace bindiga ka riƙe, harsashi nawa gidanta ke ci, in ta cije me kake fara yi? Sitaf kuma ya duba lambobin yabo na ƙirji, don akwai tsarin jera su, kuma wanda ya saya a kasuwa yakan sa ta Kwango kusa da lambar shigar da ta nuna ba a haife shi ba sa'ad da aka je Kwango, tsakanin 1960 da 1964. Akwai kuma mai wuyar sha'ani, wanda ya yi sojan da gaske amma ya tsere ko aka kore shi. Shi duk tambayoyin zai amsa daidai, sai an ce ya kawo takardar sallama, inda ake rubuta dalilin fita da shaidar hali. Wani ruɗanin kuma daga cikin gida yake: sashen masu gadi na ƙungiyar 'yan mazan jiya yana da kakinsa da muƙamansa, sai ka ga wanda ya fita soja da igiya ɗaya yana yawo da anini uku. Wannan Manjo da Baba Saje duka ba sa sara masa.

Rigimar da ta fi muni a ranar tunawa da 'yan mazan jiya aka yi ta. Da can 11 ga Nuwamba ake yi, irin na Ingila, aka mai da ita 15 ga Janairu saboda ranar da yaƙin basasa ya ƙare. Baba Saje yakan ce ranar nan tasu ce, da jininsu aka saye ta, saura 'yan rakiya ne. Wata shekara ya fito da tsohon kakinsa, ya sha guga, igiya uku a hannu. Manjo ne sakatare, shi ke jera mutane, da rajista a hannunsa: hafsoshi a kujerun rumfa, samanjoji a bayansu, sannan layin fareti bisa muƙami. Ya kira sajoji bai kira shi ba. Ya kira kofurori ya kira lambarsa. Wanda aka sa a gabansa wani saje ne da aka haifa shekarar da aka shiga Anacha. Baba Saje bai ce uffan ba. Ya fita daga layi, ya koma gefen fili, ya ƙame shi kaɗai cikin hunturu, tun daga busa ƙaho har aka ajiye furanni aka saki tattabaru. Mutanen gari suka ce Manjo bai kyauta ba, ko ba komai ai akwai furfura. Manjo ya ce in ya bar mutum ɗaya ya tsaya inda zuciyarsa ta ba shi, baɗi kowa janar ne. Tun daga ranar Baba Saje bai sake sa kaki ba, da babbar riga yake zuwa ya tsaya cikin farar hula. Wata uku ba ya zuwa benci. Amma a masallacin Juma'a sahu ɗaya suke tsayawa, kuma in an idar Manjo ne ke miƙa masa hannu ya tashi, saboda cinyar.

Akwai abin da ba a gardama a kansa. In wani yaro mai karatu ya zo ya ambaci Asaba, inda sojojin tarayya suka kashe farar hula masu yawa a Oktoba 1967, benci kan yi tsit. Baba Saje yakan ce shi bai iso ba tukuna, kuma lambarsa ta tabbatar, amma ba ya ƙara komai, ba ya kuma kawo Runduna ta 2 a baki har a tashi. Haka in aka zo kan yunwar da suka tarar a ƙauyuka bayan an ajiye makamai. Duk mai taƙama da wuta, a nan muryarsa ke sauka. Sai dai a shekarar 2000, da Shugaba Obasanjo ya mai da korar sojojin da suka bi Biyafara ta zama ritaya, hanyar fansho ta buɗe musu, Baba Saje ya yi kwana biyu ba ya magana. Da ya buɗe baki ya ce shi ba ya baƙin ciki a ba su, su ma umarni suka bi, kuma sun iya faɗa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne wanda ya harbe shi ya samu, shi da aka harba bai samu ba.

A shekarunsa na ƙarshe wani yaro ya fara zuwa bencin, farabiti ne da nakiya ta cire wa ƙafa a hanyar Dambuwa, aka sallame shi bai cika shekara talatin da haihuwa ba. Kowa ya zuba ido ya ji me Baba Saje zai ce, tunda an san bakinsa. Ya tambaye shi lamba, yaron ya faɗa. Ya ce 'yan bana-bakwai, da waya a aljihu kuke yaƙi kuna kiran uwayenku. Sannan ya matsa ya ba shi gefen da inuwa ta fi kauri, ya juya ya ce wa Manjo, "Yallaɓai, duba takardun yaron nan yau, ka ga ko an buga raunin."

Wannan ita ce kaɗai hanyar da yake ce masa Yallaɓai ba da gatse ba. Domin duk takardar koke da Baba Saje ya taɓa aikawa a kan fanshonsa, shekara ashirin da wani abu, Manjo ne ya rubuta ta, da hannunsa, da kuɗin fotokwafinsa. Shi ya san abin da ake haɗawa: takardar sallama ta asali da kwafi, hoto, shaidar ƙaramar hukuma, takardar banki, sunan magaji kamar yadda yake a fayil, ba yadda ake kiransa a gida ba. Shi ya gano an rubuta sunan mahaifin Baba Saje iri biyu a takardu biyu, ya kai shi kotu aka yi rantsuwar gyara, don harafi ɗaya kan sa a mai da mutum gida daga wurin tantancewa. Kuma a kan kowace takarda Kofur yake rubutawa, su yi faɗa, Baba Saje ya dangwala yatsa yana ƙunƙuni.

Ya rasu da sanyin asuba, aka yi masa sutura kafin azahar, ba tuta ba harbin bindiga, don kafin a sanar da bariki mafi kusa an dawo daga maƙabarta. Da aka buɗe adakar aka sami takardar sallama cikin ledojinta, da littafin albashi, da igiya ɗaya da aka warware da reza, naɗe cikin takardar da ya rubuta lambarsa da ajami. A zaman makoki Sitaf ya ce a rubuta Saje a rajistar mamata ta ofis, ko sau ɗaya a yi masa wannan. Manjo ya ƙi. Aka taso masa, har liman ya sa baki. Ya ce, "In na rubuta Saje na kashe fayil ɗin. Rajistar nan ita ake kwafa a haɗa da takardar mutuwa, in muƙami ya saɓa da na Lakwaja za a ce mutum biyu ne. Yana da mata biyu da 'ya'ya tara." Ya rubuta Kofur, ya sa lamba, ya sa kwanan wata. Ranar sadakar bakwai ya karɓi takardun daga hannun uwargidan, ya ce wa babban ɗan ya kawo hotonsa guda huɗu da shaidar asibiti, ya same shi a benci ranar Litinin da ƙarfe tara.